Wasiƙa zuwa ga Mamana a Texas

Assalamu alaikum, Mamana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwar nan da hunturu ke tayarwa.

Innarki ta ce tun ranar da kuka yi waya hankalinta bai kwanta ba. Wai kin yi kuka a kan matar da aka kwantar a ɗakin asibitin da kike aiki, faya ta fashe mata ciki bai wuce wata huɗu ba, zazzaɓi yana hawa, likitoci kuma sun tsaya jiran lauyan asibiti kafin su taɓa ta. A waya magana ba ta tsaruwa a bakina, shi ya sa na ɗauko biro.

Abin da kika gani ba jiya aka shuka shi ba. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta zubar da ciki. A lokacin Katolika ne ke kan gaba wajen adawa, babban taron 'yan Baptis na Kudu ma a 1971 ya yarda a yi shi a wasu yanayi, irin su fyaɗe. Sai a 1979 Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar Moral Majority, aka bi coci-coci ana yi wa mutane rajistar zaɓe, suka mara wa Reagan na jam'iyyar Republican baya a zaɓen shugaban ƙasa na 1980. Daga nan mumbari da jam'iyyar Republican suka ƙulla ciniki: ku ba mu ƙuri'a, mu ba ku alƙalai. An yi shekara 40 ana wannan noma. Trump ya naɗa alƙalai 3, a ranar 24 ga Yuni, 2022 kuma kotun ta soke hukuncin 1973. Yanzu a jiharku likitan da ya zubar da ciki na iya fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar aƙalla dala 100,000, da ƙwace lasisi. Dokar ta yi togaciya idan ran uwa na cikin haɗari, amma wa ke riƙe da ma'aunin? Wanda ya rubuta ta bai taɓa tsayawa a kan mai zubar jini ƙarfe uku na dare ba.

Duk da haka kada ki raina masu addinin nan, don ni na san irinsu a gida. Kina aji biyu na sakandare a 2003 lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, ana cewa an zuba masa maganin hana haihuwa. Ina cikin masu bi gida-gida da akwatin ƙanƙara a kafaɗa da alli a aljihu. Wani dattijo da muke sahu ɗaya a masallaci ya tare ni a zaure, ya ce, "Malam, a jiƙoƙina za ka ci albashin Turawa?" Ya turo ƙyaure a fuskata. Na yi fushi, amma ban manta cewa a garin nan aka gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba. Tsoronsa yana da tushe. Masu neman suna ne suka ɗauki tsoron suka sa masa rawani. Kafin a dawo da ɗigon a 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya, cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Jikan dattijon nan yau a keken guragu yake zuwa Juma'a, kuma har gobe in mun haɗa ido kakansa sai ya sunkuyar da kai.

Abin da ya buɗe mana zauruka daga baya sarakuna ne da malamai da matan unguwa da aka sani aka yarda da su. Gardama ba ta taɓa buɗe mini ko ɗaya ba. To, idan uwa ta ce miki imaninta ya hana a yi wa ɗanta allurar ƙyanda, kamar yadda ya faru a yammacin jiharku a 2025 har yara biyu suka rasu, ki ja kujera ki zauna. Ki tambaye ta abin da take tsoro, da wanda ya faɗa mata.

Ki kuma yi musu adalci. Cikin masu zuwa cocin nan akwai waɗanda suka matsa wa Shugaba Bush ya buɗe shirin yaƙi da ƙanjamau na PEPFAR a 2003, kuma na ga mutanen da maganin ƙanjamau na shirin ya tayar daga shimfiɗa a nan Kano.

Sai maganar ƙuri'a, tunda kin samu takardar zama 'yar ƙasa. Masu neman ƙuri'ar 'yan addini za su zo masallacinku su ce ra'ayinku ɗaya a kan aure da tarbiyya, kuma a wasu wuraren gaskiya ne. Ki saurara, amma ki tuna hanin shiga Amurka da aka ɗora wa wasu ƙasashen Musulmi a 2017, ki duba su wa suka tafa. Mai sayen addini da ƙuri'a, ko na coci ko na masallaci, ranar da kasuwa ta juya zai sayar.

Ban ce ki sassauta abin da kika yi imani da shi ba. Mu 'yan Malikiyya muna da tsanani a kan taɓa ciki, amma ban taɓa jin malamin da ya ce a bar uwa ta mutu ana kallo ba. In irin wannan ta sake faruwa, kada ki karya doka, kada kuma ki yi shiru. Ki rubuta zafin jiki da bugun jini da lokaci a fayil, ki kira babban likita, in bai zo ba ki sake kira, ki rubuta cewa kin kira.

Innarki ta haƙura da kilishin tunda an ce ba a bari nama ya shiga. Yaji da kuka za ta ba ɗan Hajiya in zai koma. Ki faɗa mini yadda matar nan ta ƙare, ina sa ta a addu'a.

Mahaifinki.