A ƙera mana dandamalin da zai iya shiga ƙauye

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan sammin fili in yi magana kan masu wasan kwaikwayon wayar da kai, kullum ana cewa za a shiga karkara amma daga an kai hedikwatar ƙaramar hukuma shikenan an tsaya, in ka tambaya a ce wai mota ba ta shiga. To dama wa ya ce a ɗauko tirela da dandamalin ƙarfe irin na kamfen ɗin 'yan siyasa? Hanyar da damina ta cinye, akori-kura ma sai da turi, ta ina tirela za ta bi?

Abin nan fa ba yau aka fara ba. Iyayenmu sun ga majigi, mota ɗaya da farin ƙyalle gari guda ya taru. 'Yan Jami'ar ABU Zariya kuma tun 1977 suka kai wasan kwaikwayonsu mai suna Wasan Manoma garin Soba, daga baya suka je Maska, kuma gidan wasansu na Samaru ma da ƙasa da jinka aka gina shi. To me ya sa yanzu sai mun jira kwantena daga waje?

Ni dai a ganina a je Panteka a Kaduna a samu masu walda su ƙera firam mara nauyi mai naɗewa, wanda mashin biyu ko amalanken shanu zai ɗauka, samari huɗu su kafa shi kafin a gama shimfiɗa tabarmi. Zana da gora akwai su a ƙauyen, ba sai an yi dakonsu ba, tamfol saboda rana, sola da batir da lasifika ɗaya, don janareta ƙararsa cinye maganar 'yan wasa take yi ga tsadar mai. Kuma kar a ɗaga shi sama sosai, mutanenmu zagaye ɗan wasa suke yi a dandali suna tsoma baki, wani dattijo ma ya shigo ya gyara maka zancen takin da ka kwaɓa, ai wannan shi ne amfanin abin. A ware wa mata gefensu da zana in ba haka ba wallahi ba za su fito ba.

Ga yanayin tsaro, wasan dare ya yi wuya a wurare da yawa, sai dai ranar kasuwa da hantsi, a naɗe kaya kafin la'asar. Masu koyar da zanen gine-gine a jami'o'inmu don Allah ku ba ɗalibai wannan a matsayin aikin kammala karatu.

Naku,
Mai karatu daga Giwa, jihar Kaduna