Amsa ga mai tambayata daga Zariya: wane wata za a je Turai, kuma me za a hau?

Assalamu alaikum ƙanena,

Da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakin naka. Ranar da aka gayyace ni shirin nan na rediyo, kai ne na ƙarshen bugo waya, kuma ka jero tambayarka tsaf. Kun yi shekara uku kuna tari kai da iyalinka, kuna son zuwa Turai karo na farko, hutun mako biyu ka samu. Tsakanin Satumba da Oktoba da Nuwamba wanne ya fi? In an isa can kuma, jirgin sama za a riƙa hawa, ko na ƙasa, ko bas, ko a ɗauki motar haya? Ka ƙara da cewa ƙasa shida kake son takawa. Ina buɗe baki mai gabatarwa ya nuna mini agogo. Ko sunanka ban kama ba, Zariya kawai na riƙe, shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa ta iske ka.

Ga shawarata kai tsaye. Ku tashi a goman ƙarshe na Satumba, ku dawo kafin tsakiyar Oktoba, ku hau jirgin ƙasa, ƙasa shidan nan kuma a mayar da ita biyu, Faransa da Sifaniya.

Kalmar kaka ce ke ruɗa mutanenmu. Mu kakarmu lokacin sakewa ce, ruwa ya ɗauke, an cika rumbu, sama ta yi garau. Tasu kuwa gangara ce zuwa hunturu, kowane mako ya fi na bayansa duhu. Kowa sanyi yake tambayata, alhali sanyi yana da magani, riga ce. Abin da ba ya sayuwa a kasuwa shi ne hasken rana. A ƙarshen Satumba sai wajen ƙarfe 7:30 na yamma rana take faɗuwa a Paris, a Madrid ma har ta kai 8. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba suna mayar da agogo baya da awa ɗaya, agogon Paris ya dawo daidai da na Kano, daga nan dare ya fara cin yini. A tsakiyar Nuwamba jim kaɗan bayan ƙarfe 5 an yi magariba a Paris, a Barlin kuwa huɗu da 'yan mintoci. Ka yi azahar, kafin ka gama cin abinci la'asar ta yi, kana neman inda za ka sake alwala magariba ta kawo kai. Kuɗin otal ɗin kwana guda ka biya, amma yinin da aka ba ka gutsurarre ne.

Sanyin ma ba irin namu ba ne. Hunturun Zariya busasshe ne, da hantsi ya ɗaga an tuɓe rigar sanyi. Na Nuwamban Turai jiƙaƙƙe ne, yayyafi da iska, sai a kwana uku ba a ga ƙwayar rana ba. A Paris zafin rana a Satumba yakan kai digiri 21, a Nuwamba ya sauko wajen 11. Roma, wadda ake gudu can don ɗumi, Nuwamba ne watan da ta fi shan ruwan sama. Benis kuma, birnin nan na Italiya da aka gina a kan ruwa, lokacin ne teku ke hawa titunansa: ranar 12 ga Nuwamba 2019 ruwan ya kai santimita 187, mafi muni tun 1966, ko da yake shingen da suka fara ɗagawa a 2020 ya rage abin sosai. Ban hana Nuwamba haƙƙinsa ba, otal yana sauƙi, layin gidajen tarihi gajere ne, kuma a ƙarshensa kasuwannin Kirsimeti suna buɗewa. Wata ne na wanda ya taɓa zuwa. Amarya da ango da suka yi tarin shekara uku ba su zo zaman ɗaki suna leƙen taga ba.

Farkon Satumba ma ban so muku shi ba, don farashin lokacin zafi bai gama sauka ba, kudancin Sifaniya kuma yana wuce digiri 30. Wanda ya baro Zariya ai bai biya kuɗin jirgi don ya je shan rana ba. Ƙarshen Oktoba kuwa shi ne lokacin da ganyaye ke rinewa ja da ruwan ɗorawa, abin kallo ne ƙwarai, sai dai makarantun Faransa suna hutun mako biyu daidai nan, jirage su cika da yara, tikiti ya hau. Abu ɗaya ke cikin kwanakin da na zaɓa muku: ku kauce wa Munik ta Jamus. Bikin giyarsu, Oktoberfest, duk da sunansa a Satumba yake farawa ya ƙare a farkon Oktoba, mutum wajen miliyan shida ke zuwa, kuɗin ɗaki ya ninka. Ba wurinku ba ne ko ta wace fuska.

To, ƙasa shida a kwana 14. Ka lissafa da kanka. Duk ranar da aka canza gari an yi asarar rabin yini tsakanin haɗa kaya, sallamar otal, neman tasha, da neman sabon masauki. Canji shida ya cinye kwana uku, abin da za ku dawo da shi hotunan tashoshi ne da ciwon ƙafa. Da ni ne, sai in sauka Paris in kwana huɗu, in yi Juma'a a babban masallacinta da aka buɗe a 1926, sannan in gangara kudu ina bin ɗumi: Barsalona kwana uku, Madrid biyu, sai Ƙurɗuba biyu da Garnaɗa biyu a yankin Andalus na kudancin Sifaniya. Arewa a fara da ita tun tana da sauran haske, a ƙare da Andalus lokacin da zafinta ya karye. Tikitin jirgin sama daga gida kuma a yanke shi shiga ta Paris, fita ta Madrid, kada a ɓata kwana ana komawa Paris.

Dalilin da ya sa na nace wa jirgin ƙasa shi ne tasharsa a cikin gari take. Ka shiga a Gare de Lyon a tsakiyar Paris, bayan awa shida da rabi zuwa bakwai ka fito a tashar Sants a tsakiyar Barsalona, a hanya kana kallon gonakin inabi da gaɓar Bahar Rum ta taga. Ba mai auna akwatinka, ba mai ƙwace maka gorar ruwa. Daga Barsalona zuwa Madrid, fiye da kilomita 600, awa biyu da rabi ne, kusan lokacin da jirgin Abuja zuwa Kaduna ke ci a kilomita 186. Madrid zuwa Ƙurɗuba bai cika awa biyu ba, a kan layin da suka buɗe tun 1992. Kamfani uku ke gasa a manyan layukan Sifaniya, Renfe da Iryo da Ouigo, gasar kuwa ta karya farashi. Sai dai a kiyaye: jirgin nan ba motar tasha ba ce da ke jiran ta cika. A Faransa minti biyu kafin tashi an daina shiga, ko kana ɗaga hannu. A Sifaniya kuma ana saka kaya a na'urar bincike kafin a hau, don haka a je da ratar rabin awa.

Za a tallata maka tikitin Eurail, wanda ke aiki a ƙasashe 33 ga waɗanda ba mazauna Turai ba. Yana da amfani ga matashin da zai yi wata guda yana yawo. A jiragen gudu na Faransa da Sifaniya kuwa, ko kana da shi sai ka sake biyan kuɗin kujera, kujerun ma wani lokaci ƙayyadaddu ne. Tafiya huɗu ko biyar kawai za ku yi, ku sayi kowace daban tun da wuri, don farashin hawa yake yi kullum ranar tana matsowa.

Jiragen sama masu araha na san daɗin bakinsu, tikitin yuro 20 ko 30. Araha ba ta ado. Filin da wasunsu ke kira Paris a Beauvais yake, kilomita 85 daga birnin, sai ka biya bas ka yi fiye da awa guda. Jakar da aka yarda ka shiga da ita kyauta ita ce wadda za ta shige ƙarƙashin kujera. Ni kaina a zuwana na farko, a wani fili da ba sai na faɗa ba, kuɗin da aka caje ni na akwati ya fi na tikitin, ina tsaye ina zufa mutane na jira a bayana. Mu kuwa ka san mu da kaya, balle in an fara sayen tsaraba. Bas irin FlixBus ya fi komai sauƙi, amma Paris zuwa Barsalona kwana ake yi a zaune, ban ga dalilin wahalar da baiwar Allah ba. Motar haya ka manta da ita a wannan karon. Yawancinsu masu giyar hannu ne, wurin ajiye mota a birni tsada gare shi, kuma tsofaffin unguwanni da dama kyamara ke gadinsu, tarar ta biyo ka gida bayan watanni.

Duk wannan lissafi biza ce ke riƙe da shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Shengen ta haɗa ƙasashe 29, kuɗinta yuro 90 tun watan Yunin 2024, ana neman inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya nema tun saura wata shida. A ƙa'ida kwana 15 ake yi, amma yana iya kaiwa 45, samun ranar kai takardu ma wani aiki ne a lokacin da ɗalibai ke rububi. Mai son tashi ƙarshen Satumba, a Yuni ya kamata ya shigar. Ofishin ƙasar da za ku fi daɗewa a cikinta ake zuwa, ba wadda za a fara sauka ba. A tsarin da na zana kwana tara a Sifaniya ne, don haka su za ku nema. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin fasfo ya dawo hannunka. Landan kuma, na ji ka ambace ta, ba ta cikin Shengen. Jirgin Eurostar yana kai mutum daga Paris ta ƙarƙashin teku cikin awa biyu da kwata, amma sai da bizar Ingila daban, da kuɗinta daban. A bar ta sai wani zuwan.

Ka gaya wa mai ɗakinka kada ta ƙunsa kilishi ko dambun nama, dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama da madara daga waje, za a karɓe a filin jirgi. Abincin halal bai yi wuya ba a garuruwan nan. Ta riƙe riga mai kauri guda, laima ƙarama, da takalmin da zai jure tafiyar ƙasa, jaka kuma a rataye ta ta gaba a jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris da Barsalona, don 'yan sane na can ƙwararru ne.

A Ƙurɗuba ku shiga masallacin da Abdurrahman na Ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785. Coci ne tun 1236, ba a barin a yi salla a ciki, gara ku sani tun daga gida kada abin ya zo muku bazata. A Garnaɗa akwai masallacin da aka buɗe a 2003 a unguwar Albaicín, daga lambunsa ana hango fadar Alhambra gaba da gaba, a nan za ku so magariba ta same ku. Ita fadar tikitinta yana ƙarewa makonni kafin rana, kuma ɓangaren sarakunan Banu Nasr da lokacinsa a rubuce, in ka makara an wuce da kai. Ranar da biza ta fito, shi za ka fara saya, tun kafin na jirgin ƙasa, kuma ku riƙe fasfo a hannu don ana dubawa a ƙofa.

Ka gaishe da mutanen Zariya. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Wassalam,
Yayanka da lokaci ya ƙure masa a rediyo