Waya ba ta karanta mana komai, Malam Edita

Assalamu alaikum Malam Edita.

Baƙon da kuka kawo a shirinku na ranar Lahadi ya ce wai yanzu makaho ya huta, waya na karanta masa komai. Wallahi maganar nan ta ɓata mini rai, har na kashe rediyon tun ba a gama ba.

Ni makaho ne, na shekara tara ina aiki da NVDA a kwamfuta da TalkBack a waya, wato manhajojin da ke karanto wa makaho abin da ke kan allo. Ban raina su ba. NVDA ma aikin wasu makafi biyu ne 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, an fara ta a 2006, kuma kyauta ake ba da ita, ba kamar takwararta JAWS ba da sai mai kuɗi. Amma manhajar ba ido gare ta ba. Abin da Chrome ko Firefox suka miƙa mata shi take faɗa mini: nan maɓalli ne, nan kanu ne, nan gurbin rubutu ne, wannan akwatin an zaɓe shi ko ba a zaɓa ba. In wanda ya gina shafin ya zana abu kamar maɓalli bai bayyana cewa maɓalli ba ne, mai ido zai gani ya latsa, ni kuwa sai in ji shiru.

Watan jiya na zauna biya wa 'yata kuɗin jarrabawa ta intanet. Na cike komai da kaina, suna, aji, lambar waya. Da na zo wurin turawa sai manhajar ta tsallake shi. Na koma sama na sauko ya fi sau goma. Wasu wuraren "maɓalli, maɓalli" kawai take cewa, babu suna, ban san wanne ke turawa wanne ke gogewa ba. Har aka ɗauke wuta ina fama. Ƙarshe sai ɗan maƙwabcina na kira, yaro ɗan shekara sha huɗu, na karanto masa lambobin katina na banki. Magidanci da iyali, Malam, ina tona wa yaro sirrin aljihuna saboda wani bai rubuta kalma ɗaya ba!

Kuma ba a rasa hanyar gyara ba. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar da ƙa'idar ARIA tun 2014 domin a riƙa bayyana matsayin kowane abu a shafi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya kuwa Shugaba Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019. Ku gayyato masu gina shafukan nan, a kashe musu allo, su biya kuɗi da kunne kawai muna saurare.

Sannan don Allah ku ja kunnen mai gabatarwa. Lambar kiran shirin sau ɗaya yake karantowa, da gudu, sai ya ce a duba Facebook. Can kuma hoto kuke sakawa, manhajata ba ta karanta mini shi.

Naku mai saurare,
daga Tudun Wada, Kaduna.