A riƙa warware mana kalmomin zaɓe da Hausa

Ranka ya daɗe Edita,

Ni tela ne a Jidda, kuma a jaridarku nake bin labarin gida. Yawancinmu a nan Larabci muka karanta, ba boko ba. Da aka ce zaɓen gwamnan Kano na 2019 ya zama "inkonkulusib", dattawan da ke zama a shagona sun ɗauka an rushe zaɓen ne kacokan, har rai ya ɓaci. Alhali nufinsa zaɓe bai kammala ba: masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi ratar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, don haka a can kaɗai za a sake. Zagaye na biyu kuwa daban ne: shi ana yin sa ne idan babu ɗan takarar da ya cika sharuɗɗan cin zaɓe a zagayen farko. Don Allah ku riƙa yi mana irin wannan bayani kafin zaɓen 2027.

Mai karatunku,
daga Jidda