Sanarwa: Zaman Asabar kan mai zane da ke buga littafinsa da kansa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Zaman wannan Asabar yana nan bayan sallar La'asar, a inda muka saba, kusa da Ƙofar Soro. Wannan karon za mu tattauna rayuwar Demas Nwoko. An haife shi a 1935, ya yi karatun zane a kwalejin Zariya da ta koma Jami'ar Ahmadu Bello, yana kuma cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. Da ya koma Ibadan sai ya gina ɗakin aikinsa, ya shiga zanen gine-gine, ya yi rubutu, har ya riƙa fitar da mujalla tasa ta kansa a ƙarshen shekarun 1970. A 2023 aka karrama shi a Venis da ke Italiya.

Abin da ya sa muka ɗauko shi, da yawanmu nan kan zana bangon littafin wani, a biya mutum kuɗin shayi, sunansa ma ba ya fitowa. Wannan ya isa haka. Mai iya zane in yana da labari, ya rubuta, ya nemi lambar ISBN, wato lambar rajistar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kai wa maɗaba'a da hannunsa.

Masu littattafan zane su zo da su, ko da fensir ne kawai. Ƴan Daura, ku taso da wuri don Allah. A daina turo tallan atamfa a rukunin nan.