Yaƙin Amurka da Japan: A Riƙa Tunawa da Masu Tsibiran

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, na rubuto ne kan yadda ake kawo mana labarin yaƙin da Amurka ta gwabza da Japan a Tekun Fasifik lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Kusan kullum sai a fara da harin da Japan ta kai sansanin sojan ruwan Amurka na Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, a taɓo Midway, inda Japan ta rasa manyan jiragen ruwa huɗu masu dakon jiragen sama a watan Yunin 1942, daga nan a yi tsalle zuwa Hiroshima da Nagasaki. Tsibiran da aka shafe shekara uku ana ƙwatar su ɗaya bayan ɗaya kuwa, sai a yi maganarsu kamar ba kowa a kansu. Alhali akwai masunta da manoma, kuma ba wanda ya nemi izininsu kafin gonakinsu su zama filin daga.

A Guadalcanal, cikin tsibiran Solomon, sojojin Amurka sun sauka ranar 7 ga Agusta 1942 don ƙwace filin jirgin saman da Japanawa ke ginawa, aka yi wata shida ana fafatawa. 'Yan ƙasar ne suka san daji, su ne 'yan leƙen asiri da 'yan dako. Akwai Jacob Vouza, tsohon ɗan sanda, wanda Japanawa suka kama ɗauke da ƙaramar tutar Amurka. Suka ɗaure shi jikin bishiya, suka yi ta sukarsa da wuƙar bakin bindiga, ya ƙi faɗin komai. Da suka tafi suna zaton ya mutu, ya cinye igiyar da haƙori, ya ja jiki har sansanin Amurkawa ya sanar da su harin da ke tafe. Haka a Agustan 1943, samari biyu 'yan Solomon, Biuku Gasa da Eroni Kumana, suka gano John F. Kennedy, hafsan sojan ruwan Amurka a lokacin, da mutanensa bayan an nutsar da jirginsu, suka ɗauki saƙonsa da ya sassaƙa a ɓawon kwakwa cikin kwalekwale. Kennedy ya zama shugaban Amurka, su kuwa 'yan kaɗan ne suka san sunansu.

Dabarar da Amurka ta yi amfani da ita ta tsallake wasu tsibiran, ta toshe musu hanyar jiragen ruwa, ta rage mata asarar sojoji, gaskiya ne. Amma yunwar da ta biyo baya ba ta tsaya kan sojan Japan ba. A 1943 Japan ta kwashe 'yan tsibirin Nauru kusan 1,200 zuwa tsibiran Truk, waɗanda suka dawo gida ba su kai 800 ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Okinawa, tsibirin da ke kudancin Japan. An fara faɗan ranar 1 ga Afrilu 1945, bai ƙare ba sai ƙarshen Yuni. Amurka ta rasa sojoji sama da 12,000, ana kuma yawan ba da labarin matuƙan jiragen ƙunar baƙin wake na kamikaze da nutsar da katafaren jirgin ruwan yaƙin Japan, Yamato, ranar 7 ga Afrilu. Fararen hular da suka mutu fa? Ƙiyasin hukumomin Okinawa ya kai kimanin 94,000. Wasu ruwan bama-bamai ne ya kashe su, wasu sojojin ƙasarsu ne suka kore su daga kogunan da suka fake, wasu an cusa musu cewa gara mutuwa da faɗawa hannun Amurkawa, iyalai suka hallaka kansu. An ɗebo 'yan mata daga makarantar sakandare aka sa su jinyar sojoji cikin kogo, mafi yawan 'yan Himeyuri, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin 'yan matan, ba su tsira ba. Kuma zancen bai ƙare a 1945 ba: Amurka ta riƙe tsibirin har 1972, yau ma kusan kashi 70 cikin 100 na filayen sansanonin da ta keɓe wa kanta a Japan suna Okinawa ne. Mutanen Bikini, a tsibiran Marshall, an tashe su a 1946 don gwajin nukiliya, har yanzu ba su koma zama na dindindin ba.

Ranka ya daɗe, mu ba baƙin wannan al'amari ba ne. Kakanninmu aka ɗiba cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka yaƙi Japanawa a Bama (Myanmar ta yau), kuma mun san yadda littattafan Turawa ke taƙaita su a layi biyu. Bai dace mu yi wa wasu irin haka da harshenmu ba. Ina roƙon ku keɓe shafi guda ranar 23 ga Yuni, ranar da mutanen Okinawa ke tunawa da mamatansu, ku kawo labarin faɗan daga bakin waɗanda aka yi shi a ƙofar gidansu.

Wassalam,
Mai karanta ku daga Zariya