Kafin ku yarda da lambar da ma'aunin uwar garke ya nuna

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu ja hankalin masu kula da manyan kwamfutocin nan da ake kira uwar garke, ko saba, a kan wani abu da ake yi wa riƙon sakainar kashi, wato ma'aunan da ke jikin madabod, babban allon da sassan kwamfuta ke haɗe a kai, masu auna zafi da gudun fanka da ƙarfin lantarki. Da yawa da sun buɗe manhaja sun ga lamba shi ke nan, sun ɗauke ta gaskiya. Alhali lambar nan sai ta bi ta hannu uku ko huɗu kafin ta bayyana, kuma kowane hannu yana iya karkatar da ita. Ta haka ake cire lafiyayyen akwatin wuta don an ga layin bolt 12 ya koma 8, ta haka kuma mutum zai zauna hankali kwance yana kallon digiri 35, ashe ma'aunin da yake kallo ba na furosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta) ba ne.

Tambayar farko ita ce, wa ke riƙe da ma'aunan? Yawancin madabod na saba suna ɗauke da wata 'yar ƙaramar kwamfuta mai zaman kanta da ake kira BMC, sau da yawa cif ɗin ASPEED ne, AST2500 ko AST2600. Dell na kiran tata iDRAC, HPE kuma iLO. Muddin wayar wuta na jone, tana aiki ko da sabar a kashe take. Ita ce ke karanta zafin furosesan Intel ta layin PECI, na RAM ta SMBus, halin akwatin wuta ta PMBus, kuma ita ke ba fankoki umarni. Ana magana da ita ta tsarin sadarwa na IPMI, wanda ya fito a 1998, ko ta Redfish na 2015. A Linux, sai a ɗora direbobin ipmi_si da ipmi_devintf, a tabbatar /dev/ipmi0 ya bayyana, sannan a buga "ipmitool sensor". Kowane layi zai nuna sunan ma'auni, abin da ya karanta, halin da yake ciki, da iyakoki shida, uku na ƙasa uku na sama. Idan an ga "na" a gurbin RAM ko ramin fankar da ba a saka komai ba, wannan ba matsala ba ce.

Babban kuskure shi ne a bar wannan hanya a tafi kai tsaye ga lm-sensors, manhajar Linux mai karanta ma'aunai, a kunna sensors-detect ana amsa masa da e a kowace tambaya, daga nan a ɗora pwmconfig da fancontrol masu sarrafa fanka kamar a kwamfutar tebur. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Idan BMC na kan layin SMBus tana karanta zafin RAM, Linux ma ya sa baki, sai saƙonninsu su ci karo, lambobi su riƙa tsalle, wani lokaci layin ya cije gaba ɗaya sai an cire wuta. Haka in fancontrol ya ce fanka ta sauka, BMC ta ce ta hau, sai ka ji ƙara na tashi yana sauka ba dalili. Akwai kuma saƙon da kan fito a dmesg, kundin saƙonnin Linux, cewa direba ya ci karo da ACPI, tsarin madabod na sarrafa wuta. Maganin da ake yawan yaɗawa shi ne a ƙara acpi_enforce_resources=lax a layin tayar da kanel, wato zuciyar Linux. Yana sa direban ya hau, ba musu, amma ma'anarsa ka yarda manhajoji biyu su riƙa taɓa cif ɗaya ba tare da sun san da juna ba. A kan sabar da jama'a suka dogara da ita, mu dai ba ma ba da wannan shawara.

Ba wai lm-sensors ba shi da amfani ba ne. Direban coretemp na Intel da k10temp na AMD suna karanta zafi ne daga cikin furosesa kanta, ba sa shiga gonar BMC, don haka suna da kyau wajen gwada abin da ipmitool ya faɗa. Haka drivetemp, wanda ya shigo kanel 5.6, yana nuna zafin faifan SATA. Mai rubuta 'yar manhajarsa ta sa ido ya tuna cewa fayilolin da ke /sys/class/hwmon suna ba da zafi ne ninki dubu, 45000 na nufin digiri 45, kuma hwmon2 na yau yana iya zama hwmon3 bayan an sake kunnawa. A nemi cif da sunansa da ke cikin fayil ɗin name, kada a dogara da lambar.

Fanka ce ta fi ba mutane ciwon kai. Fanka mai ƙafa huɗu tana da waya ta ƙasa, ta bolt 12, ta ƙirga juyi, da ta PWM mai sarrafa gudu. Wayar ƙirga juyi tana aika bugu biyu a kowane zagaye, da shi ake lissafa RPM, wato yawan juyi a minti. Ƙananan fankokin saba sirara suna wuce juyi 10,000 a minti, shi ya sa masana'anta ke sa iyakar ƙasa da ɗan tsawo. To sai mutum ya gaji da ƙara, ya sauya su da manyan fankoki masu shiru na milimita 120, waɗanda ke iya sauka zuwa 300 ko 400. A ce iyakar ƙasa 500 ce. Da fankar ta sauka ƙasa da haka, BMC za ta ɗauka ta mutu, ta tura dukkan fankoki ƙarshen gudu. Da gudu ya haura iyaka sai ta ce lafiya ta samu, ta sassauta, fanka ta sake faɗawa ƙasa, a koma gidan jiya. Wanda ya ji saba na numfashi haka duk bayan 'yan daƙiƙu, ya buga "ipmitool sel list" don ganin SEL, kundin da BMC ke rubuta abubuwan da suka faru, zai tarar da layukan Lower Critical jere da juna. Gyaran shi ne a sauke iyakar, misali "ipmitool sensor thresh FAN1 lower 100 200 300". A kula da jerin: lamba ta farko ita ce iyaka mafi muni, ta biyu ta haɗari, ta uku ta gargaɗi. BMC na ajiye waɗannan lambobi a bait ɗaya, ɗan gurbi mai ɗaukar matakai 256 kacal, saboda haka za ta zagaye abin da aka ba ta zuwa matakin da ta sani, kada a yi mamaki in 250 ya koma 200 ko 300. Kada kuma a mai da iyakar sifili don a huta, domin ranar da fankar ta mutu da gaske babu mai faɗa. Sannan a tambayi kai ko fanka mai shirun tana da ƙarfin tura iska ta ratsa faifai da ƙarfen shan zafi. Shiru daban, sanyi daban.

Wani abin da ake mantawa: in an haɗa fanka biyu da waya mai rassa a rami ɗaya, guda ce kawai ke aika ƙirga. Ɗayar tana iya tsayawa wata guda ba a sani ba.

Sai lantarki. Wannan ya fi shafar madabod marasa BMC, inda cif ɗin Super I/O na Nuvoton ko ITE ke aikin awo ta direbobin nct6775 ko it87. Cif ɗin nan ba ya iya auna bolt 12 kai tsaye. Na Nuvoton iyakarsa wajen bolt 2 ce. Don haka mai ƙera madabod ke sa rezista biyu su rage ƙarfin kafin ya shiga, kuma kowane madabod da nasa rezistan. Linux bai san su ba. Shi ya sa za ka ga in1 na nuna 1.82 babu suna, babu bayani. Idan rezistan sama kilo-om 56 ne na ƙasa 10, ana raba 56 da 10 a ƙara ɗaya, a sami 6.6, sai a ninka 1.82 da shi a sami 12.01. Ana rubuta wannan a wani fayil cikin /etc/sensors.d, a ƙarƙashin sunan cif ɗin: layin label ya ba in1 suna, layin "compute in1 @*6.6, @/6.6" ya yi lissafin, layukan set su sa iyaka, sannan "sensors -s" ya tura iyakokin cikin cif. Kwafo fayil ɗin wani madabod don kawai cif ɗinsu ɗaya ne shi ke haifar da bolt 12 mai nuna 8. Wanda bai san rezistansa ba ya shiga BIOS ya rubuta abin da ta nuna, ya raba da lambar da Linux ya bayar, zai sami abin ninkawa. Mafi inganci kuma a sa mitar auna lantarki: a wayoyin akwatin wuta irin na ATX, rawaya bolt 12 ce, ja 5, ruwan lemo 3.3, baƙa ƙasa. Ƙa'idar ATX kafin sigar 3.0 ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin ɗari, wato 11.4 zuwa 12.6, da 4.75 zuwa 5.25. In mita ta ce 12.1 manhaja ta ce 8, lissafi ne ya ɓaci, akwatin wuta ba ruwansa. Layin VBAT kuwa na ɗan batirin madabod ne, CR2032 mai bolt 3. In ya yi ƙasa sosai a sauya shi kafin agogo da saitin BIOS su fara ɓata.

A ɓangaren zafi, lamba irin 127 ko -128 da ba ta motsi yawanci ƙafar cif ce da ba a jona mata komai ba. Layin "ignore temp3" ya wadatar, don kada ta riƙa tayar da ƙararrawar ƙarya har mutane su saba da yin biris da ƙararrawa. Na AMD kuma a bambanta Tctl da Tdie, wanda shi ne ainihin zafin furosesa. Tctl lamba ce ta sarrafa fanka, a wasu furosesoshi an ƙara mata digiri da gangan, kamar 27 a Threadripper na farko. Intel kuwa ma'auninta na faɗin saura digiri nawa a kai TjMax ne, wato iyakar zafin furosesa, direba ke yin ragi, don haka ya fi daidai idan furosesa ta yi zafi, a lokacin hutu yana iya kaucewa.

Hanyar gane wane ma'auni ne na me ba ta da wuya. A buɗe "watch sensors" a taga ɗaya, a ɗora wa furosesa nauyi da stress-ng na minti goma a ɗayar. Na furosesa zai tashi cikin daƙiƙu, na masu daidaita lantarkin da ke kewaye da ita ya biyo baya a hankali, na iskar shiga kuwa kusan ba zai motsa ba. Wanda bai motsa ko kaɗan ba alhali sunansa CPU, ƙarya yake. Idan furosesa ta yi tsalle zuwa 90 nan take amma ƙarfen shan zafin bai ɗumama ba, a duba zaman ƙarfen da man da ke tsakaninsu. Idan komai ya hau tare a hankali, a duba iskar shiga, wadda ASHRAE, ƙungiyar injiniyoyin sanyaya gine-gine ta Amurka, ke ba da shawarar ta tsaya tsakanin digiri 18 da 27, a kuma duba ko an mayar da murfin roba mai bi da iska, ko an bar gurbin faifai a buɗe iska na zurarewa.

BMC ma kwamfuta ce, tana cijewa. In dukkan lambobi suka daskare ko suka koma "na" alhali saba na aiki, "ipmitool mc reset cold" zai sake tayar da ita ba tare da an kashe sabar ba, sai dai fankoki kan yi ƙara na minti ɗaya ko biyu. In ya ƙi, a kashe, a zare dukkan wayoyin wuta na rabin minti. Kundin SEL yana cika, kuma wasu BMC suna daina rubutu in ya cika, don haka a kwafe shi a ajiye kafin a buga "ipmitool sel clear", a kuma daidaita agogonta, in ba haka ba ranakun da ke kundin ba za su yi amfani ba. Tun da an zo nan, tashar UDP 623 ta IPMI ba ta da abin yi a buɗaɗɗen intanet, kuma kalmar sirrin masana'anta a sauya ta tun ranar farko.

Sabunta manhajar BMC kan mayar da iyakoki yadda suka fito daga masana'anta. Kafin a sabunta, a adana abin da "ipmitool sensor" ya nuna a fayil, bayan an gama a gwada su layi-layi, musamman na fankokin da aka sauke wa iyaka.

Mun gode da filin da aka ba mu.

Naku,
Wasu masu aikin kula da uwar garke